Na'ura, lauya da alƙali: amsa ga wata ɗalibar shari'a

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na karatun lauya a wata jami'a a nan arewa. Kusan duk 'yan ajinmu da ChatGPT suke rubuta aikin da malamai ke ba mu, har wasu na cewa kafin mu gama makarantar horon lauyoyi na'ura ta ƙwace aikin. Kwanan baya kuma kawuna ya ce shi da biyan lauya har abada, don a wayarsa ya tambayi yadda za a raba gadon ƙanwarsa, nan take aka ba shi amsa. Don Allah ina gaskiyar lamarin? Ya halatta lauya ya yi aiki da wannan abu? Kuma wata rana na'ura za ta iya zama alƙali?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyi uku kika ɗaure a ƙulli ɗaya: ko lauya zai iya aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, ko mutum irin kawunki zai iya dogara da ita ya sallami lauya da malami, sai kuma ko za ta hau kujerar alƙali. Amsata a dunƙule ita ce ki yi aiki da ita a duk inda kike da hanyar bin sawunta ki tabbatar da abin da ta faɗa, ki kuma janye hannu a inda ba ki da wannan hanya. Dalili kuwa, shari'a kullum tana neman wanda zai sa hannu, wanda za a kira sunansa idan abu ya ɓaci, ita kuma na'ura ba a tsayar da ita gaban kwamitin ladabtarwa. Ni lauya ne, ba injiniyan kwamfuta ba, saboda haka ta ƙofar kotu zan shigo wa maganar.

Daga ina abin ya taso

Tun kafin a haife ki ake ƙoƙarin sa kwamfuta ta yi tunanin shari'a. A 1986 wasu masana na Kwalejin Imperial da ke Landan sun wallafa yadda suka mayar da dokar zama ɗan ƙasar Birtaniya ta 1981 zuwa jerin sharuɗɗan da kwamfuta za ta bi: idan an haifi mutum a wuri kaza, bayan rana kaza, uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, to hukuncinsa kaza. Abin ya tafi daidai a inda doka ta fito fili da kwanan wata da wuri. Inda ta ce mai neman zama ɗan ƙasa ya kasance mai halin kirki kuwa, sai an komo ga mutum, don halin kirki ba ya shiga lissafi. A 2012 wani alƙali a New York mai suna Andrew Peck ya amince lauyoyi su bar manhaja ta tace musu tarin takardun kamfani ta ware waɗanda suka shafi ƙara. A 2016 kuma wasu masu bincike suka gwada wata manhaja a kan shari'o'i 584 na kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, ta cinki hukuncin daidai a kashi 79 cikin ɗari.

Duk waɗannan a hannun ƙwararru suka tsaya. Abin da ya sauya al'amari shi ne fitowar ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, lokacin da abin ya faɗo cikin wayar kowa, har da ta kawunki. Irin wannan manhaja an ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, sai ta riƙa jero kalmomin da suka fi dacewa da tambayarki. Ki tuna maroƙi a gidan biki. Bai taɓa ganinki ba, amma da an raɗa masa sunan mahaifinki zai jero miki kakanni bakwai da sarautunsu da garuruwansu, cikin karin da babu tangarɗa, domin ya san yadda kirari ke tafiya. Wasu sunayen na gaskiya ne, wasu kuma cike gurbi ya yi, kuma a muryarsa ba za ki bambance ba. Na'urar ta san yadda sunan shari'a yake, ta san shekara ke biyo baya, sannan lambar kundi da shafi. Idan ba ta da na gaskiya sai ta cike gurbin.

Wannan ne ya faɗa wa wasu lauyoyi biyu a Amurka a 2023. Wani mutum, Roberto Mata, ya kai ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca, ya ce keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. Kamfanin ya ce lokacin shigar da ƙara ya wuce. Lauyan Roberto Mata, Steven Schwartz, wanda ya haura shekara talatin yana aikin, ya nemi hujja a ChatGPT, ta ba shi hukunce-hukunce guda shida masu goyon bayansa, da sunayen alƙalai da maganganun da suka yi. Lauyoyin kamfani suka duba ko'ina ba su same su ba, kotu ma ta nema ta rasa. Abin da ya fi ba ni mamaki, da shakka ta shige shi sai ya sake tambayar ita manhajar ko shari'o'in na gaskiya ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yuni na wannan shekara Mai Shari'a Kevin Castel ya ci su tarar dala 5,000. Ki lura da abin da alƙalin ya ce: neman taimakon fasaha ba laifi ba ne a kan kansa, laifin shi ne sa hannu a kan abin da ba a duba ba, da kuma dagewa a kai bayan an ja hankalinsu.

Kada ki ɗauka abin ya tsaya a kansu. A farkon 2025 babbar kotu a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu ta gamu da takardar lauyoyi mai ɗauke da shari'o'in da akasarinsu babu su, ta miƙa batun ga hukumar da ke kula da lauyoyi. A watan Yuni na 2025 babbar kotun Ingila, ta bakin Mai Shari'a Victoria Sharp, ta yi gargaɗi mai zafi bayan wata ƙara da aka kafa hujja da shari'o'i 45, aka tarar 18 daga ciki ba su taɓa wanzuwa ba. Hatta manhajojin da aka ƙera musamman don lauyoyi, masu tsadar gaske, binciken da aka yi a Jami'ar Stanford a 2024 ya nuna wasu na yin kuskure a kusan amsa ɗaya cikin shida, wata kuma ɗaya cikin uku.

Me ya sa namu hatsarin ya fi nasu

Idan haka ta faru a ƙasashen da hukunce-hukuncensu ke zube a intanet, to ina ga mu? Abin da na'ura ta karanta shi ta sani, kuma mafi yawan abin da ta karanta na Amurka da Ingila ne. Namu hukunce-hukuncen na Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara suna cikin kundayen rahoton shari'o'i da ake kira NWLR, waɗanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara wallafawa a 1985, da rumbunan biyan kuɗi irin su LawPavilion. Na manyan kotunan jihohi kaɗan ne ake wallafawa. Na kotunan shari'ar Musulunci kuwa suna cikin littafin kotu, da hannu aka rubuta su, da Hausa, a kabad ɗin rajistara.

Akwai kuma abin da bare ba ya ganewa da wuri, wato ƙasar ɗaya ce amma dokokin sun rabu. Ki tambayi manhaja hukuncin zamba cikin aminci a Najeriya, ba mamaki ta miƙo miki sashe na 419, don shi ya yi suna a duniya. Amma wannan sashe na dokar laifuka ta kudu ne. A arewa da tamu dokar laifukan, wato final kod (Penal Code), muke aiki tun 1960, inda ma'anar zamba take a sashe na 320, ga kuma jihohin da suka sake wa tasu dokar fasali, ga dokokin laifuka na shari'ar Musulunci da suka fara daga Zamfara a 2000. Wanda bai san wannan rabe-raben ba tun farko, ba zai ma san cewa an ba shi dokar wata jiha ba.

Na ga irin wannan a ofishinmu. Wani matashin lauya, mai ƙwazo ƙwarai, ya kawo mini daftarin jawabin ƙarshe a wata shari'ar fili. Turancin kamar ka lashe, hujjoji a jere. Sai idona ya tsaya kan wani hukunci da aka ce na Kotun Ƙoli ne, wanda ya faɗi daidai abin da muke so, kalma da kalma. Daɗin ya yi yawa. Na ce ya ɗauko mini kundin daga kanta. Ya ɗauko, muka buɗe shafin da aka ambata, sai ga shari'ar wani banki da mai bashi, babu ko ƙurar fili a ciki. Ya yi shiru, can ya ce wata manhaja ce ta ba shi. Ban yi masa faɗa ba, amma daga ranar muka kafa doka: duk hukuncin da za a ambata a takardar da za ta fita daga ofishin, sai an liƙa hoton shafin a bayan daftarin, an ja layi a ƙarƙashin maganar, an kuma duba ko daga baya wata kotu ta soke shi.

Batun gadon da kawu ya tambaya

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne mutane suka fi ganin abin ya yi sauƙi. Gado lissafi ne, kwamfuta kuma gwanar lissafi ce, to me ya rage? Abin da ya rage shi ne mazhaba, da kuma wanda ya ba da labarin magada.

Ɗauki misali. A ce mace ta rasu ta bar miji, da mahaifiya, da 'yan'uwa biyu da suka haɗa uwa kaɗai, da shaƙiƙi ɗaya da suka haɗa uwa da uba. Ta bar naira miliyan 18 bayan an biya bashi an cika wasiyya. Miji yana da rabi, miliyan 9. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 3. 'Yan'uwa na uwa suna da sulusi, miliyan 6. Dukiya ta ƙare ke nan, shaƙiƙi da yake jiran saura bai sami komai ba. A mazhabar Hanafiyya da Hambaliyya haka za a tashi. A mazhabar Malikiyya kuwa, wadda kotunanmu ke bi, shaƙiƙin zai shiga cikin sulusin nan a raba su uku daidai, kowa miliyan 2, domin shi ma ai uwarsu ɗaya. Wannan mas'ala sananniya ce wajen malaman gado, suna kiranta mushtaraka. Manhajar da ta sha karatun mazhabobi duka a cakuɗe tana iya ba kawunki kowanne daga cikin biyun, da cikakken ƙarfin gwiwa, ba tare da ta tambaye shi a wace ƙasa yake ba. Haka ma zancen jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa: dokar Masar tun 1946 ta tilasta a fitar masa da wasiyya, kuma rubuce-rubucen Larabci a intanet cike suke da wannan, alhali ba haka fiƙihun Malikiyya da ake hukunci da shi a nan ya tanada ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mafi yawan rigimar gadon da ke zuwa gabanmu ba ta lissafi ba ce. Gidan nan kyauta aka ba ta ko aro? In kyauta ce, ta karɓa ta mallaka kafin mai bayarwa ya rasu? Sakin da mijin ya yi, idda ta cika kafin rasuwar? Akwai wani ɗa a wani gari da ba a ambata ba? Malamin gado ko alƙali zai tsare mutum da tambaya, ya kira shaidu, ya kalli wanda ke sunkuyar da kai. Waya kuwa abin da kawu ya rubuta mata shi za ta raba, ko da ya manta da wani magaji, ko ya mantar da shi da gangan. Sannan takardar da ta fito daga waya ba ta ɗaure kowa. Duk magajin da bai yarda ba zai tafi kotu, a sake sabon lale. Ki gaya masa, cikin ladabi, ya riƙe amsar a matsayin share fage, ya tara magada duka, a je gaban malamin da ya san gado ko kotun shari'ar Musulunci ta yankinsu. Ban san su wa marigayiyar ta bari ba, saboda haka misalin nan ba fatawa ba ce a kan gadonta.

Inda nake amfani da ita

Kada ki ji wannan duka ki zaci ina gaba da abin. Ina amfani da shi, kuma ya rage mini wahala. Idan aka kawo mini yarjejeniya mai shafi da yawa, nakan sa manhaja ta fitar mini da duk inda aka yi zancen wa'adi da tara da hanyar warware saɓani, sannan na koma na karanta wuraren da idona. Tana taimaka mini wajen jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, da gyaran Turancin wasiƙa, da sauƙaƙa bayani ga wanda nake karewa. Amfanin da na fi jin daɗinsa shi ne in ba ta hujjata in ce ta zama lauyan ɗaya ɓangaren ta ragargaje ta. Sau da dama takan tono raunin da na wuce ban gani ba. A duk waɗannan takardar asali tana gabana, ko kuma dokar na riga na san ta, don haka in ta kauce zan gane.

Sai dai akwai sirri. Abin da mutum ya faɗa wa lauyansa amana ce, ƙa'idojin aikinmu sun hana fitar da shi, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Idan kika kwafe bayanin matar da ke neman a raba aurenta, da sunanta da na mijinta da abin da ya faru a ɗakinsu, kika zuba a manhajar kyauta, kin aika shi ga kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, kuma ba ki da ikon dawo da shi. Ki cire sunaye da adireshi da lambobin fili, ko ki yi amfani da manhajar da ofis ya ƙulla yarjejeniyar sirri da masu ita.

Game da halacci kuwa, ki koma ga shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, wadda na san an koya muku. Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu saboda an sa musu hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista. Mutane da yawa sun ga tsaurin ya yi yawa, amma kotun ta sake jaddada matsayinta a shari'ar First Bank da Maiwada. Kotun da ta ƙi karɓar sunan ofis, mai cike da lauyoyi masu rai, ba za ta saurari uzurin cewa manhaja ce ta rubuta ba. Hannunki da hatiminki ne a kai.

Kujerar alƙali

Wannan ce tambayar da ta fi zurfi, kuma ta taɓo tsohuwar muhawara a kan mece ce shari'a. A 1897 wani alƙalin Amurka, Oliver Wendell Holmes, ya ce shi abin da yake nufi da doka bai wuce hasashen abin da kotuna za su yi ba. In haka ne, na'urar da ke cinkar hukunci a kashi 79 cikin ɗari ta kama hanyar zama masaniyar doka. Amma wannan kallon lauya ne, mai son ya gaya wa wanda ya ɗauke shi ko zai ci ko zai faɗi. Shi alƙali ba zai zauna yana hasashen abin da shi kansa zai yi ba. An ɗora masa ya yanke, ya faɗi dalili, dalilin kuma ya zama wanda kotun sama za ta iya dubawa ta ce ya yi daidai ko ya kuskure. Na'ura tana iya rubuta dalilai masu kyau, amma ba lalle ne su ne suka kai ta ga amsar ba. Ki ce ta rubuta wa mai ƙara nasara za ta rubuta, ki juya ki ce wanda ake ƙara, nan ma za ta rubuta da ƙwarewa iri ɗaya.

Akwai kuma matsalar gadon zalunci. A jihar Wisconsin ta Amurka an ɗaure wani mutum, Eric Loomis, shekara shida, kuma cikin abin da alƙali ya duba har da makin da wata manhaja mai suna COMPAS ta ba shi cewa yana da haɗarin sake aikata laifi. Ya nemi a nuna masa yadda aka yi lissafin, aka ce sirrin kasuwancin kamfani ne. A 2016 kotun ƙolin jihar ta bar hukuncin yadda yake, tare da gargaɗin kada alƙalai su dogara da makin shi kaɗai. A shekarar ce kuma 'yan jaridar ProPublica suka bi diddigin mutum sama da 7,000 a Florida, suka gano cewa cikin waɗanda ba su sake yin laifi ba, kashi 45 cikin ɗari na baƙaƙen fata manhajar ta yi musu tambarin masu haɗari, fararen fata kuwa kashi 23. Kamfanin ya musanta fassarar alƙaluman, masana ma sun yi ta ja-in-ja a kan ma'aunin adalcin da ya kamata a bi. Amma ki kwatanta abin a gida. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke. A ce an ɗura wa manhaja tarihin kamen 'yan sanda na shekaru ashirin don ta taya alƙali yanke shawarar beli. Unguwannin da aka fi kai wa samame su za ta koya a matsayin matattarar laifi, ɗan talakan da ya fito daga can kuma ya shiga uku tun kafin ya buɗe baki, kuma wannan karon zaluncin zai zo sanye da rigar lissafi.

Dokokinmu ma ba su bar ƙofar a buɗe ba. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa ikon shari'a ga kotuna, sashe na 36 kuma ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ya ga hujjar da aka kafa a kansa ya ƙalubalance ta. Makin da ba a san yadda aka samo shi ba, ta ina lauya zai yi masa tambayoyin ƙure? Sashe na 37 na dokar kare bayanai ta 2023 ya ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukuncin da zai shafi rayuwarsa ta hanyar na'ura zalla. A fiƙihu kuwa malamai sun shardanta wa alƙali hankali da balaga da adalci, kuma sun ɗauki alƙalanci amana ce da za a tambayi mai ita ranar gobe. Hadisin Ummu Salama ya zo da gargaɗin cewa wani cikin masu jayayya kan fi wani iya tsara hujja har a yanke masa abin da ba nasa ba. Yanzu ga abin da ya fi kowa iya tsara hujja ya shigo aljihun kowa, mai gaskiya da marar gaskiya.

Sauran ƙasashe ma kusan nan suka tsaya. Dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Agusta na 2024, ta sa manhajojin taya alƙalai hukunci cikin rukunin masu babban haɗari. Sin, wadda ta buɗe kotun intanet a Hangzhou tun 2017 kuma ta yi nisa a wannan fage, kotun ƙolinta ta bayyana a 2022 cewa na'ura mataimakiya ce, alƙali ne mai yanke hukunci. Faransa ta bi wata hanya dabam a 2019, ta haramta amfani da sunayen alƙalai wajen hasashen yadda kowannensu ke yanke hukunci, da barazanar ɗaurin da ya kai shekara biyar. A ganina sun wuce gona da iri, don hukunci na jama'a ne, amma kin ga yadda abin ya tsorata su.

Taimako kuwa, kotunanmu na matuƙar buƙatarsa. Duk wanda ya zauna a kotu ya ga yadda ake dakatar da mai shaida a tsakiyar jimla, ana jiran biron alƙali ya kamo shi. Manhajar da za ta naɗi magana ta mayar rubutu, rajistara ya duba, alƙali ya tabbatar, za ta ceci lokaci mai yawa, har a samu sauƙin cika wa'adin kwana 90 da sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya gindaya don yanke hukunci bayan jawaban ƙarshe. Amma manhajojin sun fi ƙwarewa a Turanci nesa ba kusa ba, kuma shaidar tsohuwar da ke ba da labarin iyakar gona da Hausar ƙauyensu tana buƙatar kunnen da ya san maganar.

Abin da zai riga komai isowa

Kafin a kai ga zancen na'ura a kujerar alƙali, abin da zai fara ƙwanƙwasa ƙofar kotunanmu shi ne hujjar bogi. Yau ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙon murya, a sa shi ya amsa bashin da bai ci ba, ko ya furta sakin da bai yi ba. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 shi ke kula da hujjar da ta fito daga kwamfuta, kuma a shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta nuna ba za a karɓi abin da aka bugo daga intanet ba sai an cika sharuɗɗansa. Amma sharuɗɗan suna tambaya ne ko na'urar da ta fitar da abin tana aiki daidai. Waya lafiyayya tana iya ɗauke da muryar ƙarya. Ɗaya gefen ma yana nan: wanda aka naɗi muryarsa da gaske yanzu ya sami mafaka, sai ya ce AI ce. Lauyan da ya san yadda ake neman wayar asali, da bin hanyar da saƙo ya bi daga hannu zuwa hannu, da irin tambayar da ake yi wa ƙwararren mai binciken na'ura, zai yi kasuwa a shekarun nan. In kina neman fannin da za ki ƙware, ga shi nan.

Maganar 'yan ajinku cewa aikin zai ƙare, akwai ƙanshin gaskiya a ɓangare ɗaya. Aikin da aka saba ba sabon lauya, wato tsara daftarin farko da taƙaita takardu da neman hukunce-hukunce, shi ne na'ura ta fi saurin yi, kuma ofisoshi za su rage yawan hannun da suke ɗauka dominsa. Damuwata ita ce a cikin wannan aikin mai gajiyarwa ne ake koyon sana'ar. Wanda ya sha karanta hukunci daga farko har ƙarshe shi ne hancinsa ke jiyo hujjar da daɗinta ya yi yawa. Ɗalibin da manhaja ke rubuta wa aikin aji zai sami maki, amma ranar da Mai Shari'a ya ɗago kai ya ce masa, "Lauya, karanto mini sakin layin da ka dogara da shi," babu waya a hannunsa. Saboda haka ki fara rubuta naki da kanki, sannan ki ba manhaja ta soke shi, ki duba sukar tata a littafi. Idan kuma lokacin zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauya ya zo, ki roƙi a bar ki ki bi fayil ɗaya tun daga sammaci har zuwa hukunci.